Ƙafar da Muka Ɓoye wa Likita

Abin da zan faɗa ya daɗe. Waɗanda suka gani da idonsu duk sun riga ni, saura ni kaɗai, ni ma ina zaune ne ina jiran kira. Ban yi boko ba, ban iya lissafin shekaru irin na takarda ba. Amma na san an kai ni ɗakin miji damina ɗaya kafin a ce Turawa sun miƙa mulki, na kuma san ciwon da zan ba da labarinsa ya zo ne bayan an yanka ƙasa jiha-jiha, aka ce mu yanzu 'yan Arewa maso Gabas ne, kowace takarda sai ta je Maiduguri ta dawo. 'Ya'yana uku a lokacin, ta ukun tana goye.

Maigidana tela ne. Kakansa ya taso daga ƙasar Kano da fatauci, ya iso bakin Binuwai, ya ga wuri ya zauna. Mu a Gwadabawa muke, cikin Jimeta, rumfarsa kuma tana kasuwa. Keken ɗinkinsa na ƙafa ne, baƙi, mai nauyin da sai maza biyu ke ɗaga shi. Da damina, in manyan jiragen ruwa suka hawo kogi ɗaukar gyaɗa da auduga, ma'aikatan jirgi kan jibge masa wanduna da riguna, ya yini yana takawa ba ya ɗaga kai sai salla. Ƙafafun nan biyu su ne tuwonmu, su ne miyarmu. Ba shi da gona, ba shi da saniya, ba shi da wata sana'a.

Akwai kuma Goggo, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta rene shi bayan uwarsa ta rasu. Aure ya kai ta cikin Yola gidan wani modibbo, wato malamin Fulani, ta daɗe a can har Hausarta ta ɗauki karin Fulatanci. Ita ce surukata, ita ce kuma uwata a garin nan, don ni iyayena suna nesa. Wankan jego, gashin cibiya, yadda ake sauke wa yaro zazzaɓi, duk a hannunta na koya. Ba muguwa ba ce. Ina so duk mai sauraron labarin nan ya riƙe wannan tun yanzu.

Cikin abubuwan da ta koya mini akwai ɗaya da kowace mace a unguwarmu ta sani. Ciwo ta kai yake shiga, ya bi jiki yana gangarawa, ya fita ta tafin ƙafa. Shi ya sa in yaro na zazzaɓi ba goshinsa kaɗai muke taɓawa ba, har ƙafarsa. In ƙafa ta ɗauki zafi ta fara gumi, sai mu ce an gode Allah, ya sauka. Na gani sau da yawa a jikin 'ya'yana, ban taɓa samun dalilin shakka ba.

To, ana nan sai bazara ta shigo, irin bazarar Yola wadda ko kare ba ya ƙetare titi da rana. Ruwan randa ya koma kamar an ɗora shi a wuta. Sai sanƙarau ya faɗo gari. Yau a ce gidan wane, gobe a ce gidan wance. Masu haƙa kabari suka daina komawa gida cin abincin rana.

Wata Laraba maigidana ya dawo tun kafin azahar, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce kansa zai tsage. Na jiƙa tsumma na ɗora masa. Kafin la'asar wuyansa ya sandare, ba ya iya duban ƙirjinsa. Washegari ya daina gane ni. Maƙwabta suka ɗora shi a amalanke muka tura shi asibiti, na aika Yola aka gaya wa Goggo. Kafin rana ta yi tsaka ta iso da ƙullin kayanta da butarta.

Asibiti ya cika ya batse. An kafa rumfunan zana a fili, an jera marasa lafiya a tabarmi, mu masu jinya muna rakuɓe a gindin dogonyaro da tukwanenmu. Likita ɗaya ne ke zagaya rumfarmu, wani dogon baƙo da ba ya jin Hausa. Mai yi masa tafinta malamin asibiti ne, mutumin wajen Numan, mai tsage a kumatu da fara'a ko a cikin wannan hali. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk “ya” yake ce musu.

Kwana biyu ana ba maigidana ƙwayoyi ana yi masa allura a ɗuwawu, ba abin da ya canja. A rana ta uku likita ya daɗe a kansa, ya yi magana da malamin, malamin ya juyo gare mu.

“Likita ya ce ciwo ya ƙi jin magani ta jini. Za a sa masa magani ta gadon baya, ya tafi kai tsaye inda ciwo yake. Allura bakwai, kullum ɗaya.”

Ba kowa ake yi wa wannan ba. Maganin kaɗan ne, yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, komai sai an yi ta jira. Masu jinya a gindin bishiya suna kallon wanda aka zaɓa kamar wanda ya samu kujerar Makka. Na ga yadda ake yi. Aka kwantar da shi ta gefe, aka naɗe shi, gwiwa ta taɓa haɓa kamar jariri. Aka soka doguwar allura tsakanin ƙasusuwan bayansa, wani ruwa ya ɗiɗɗigo a gurɓace kamar ruwan wankin shinkafa, sannan aka tura magani ta nan inda ruwan ya fito.

Bayan allura ta biyu ya buɗe ido. Ya nemi ruwa. Ya sha, ya dube ni, ya ce, “Wa ya rufe rumfa?”

Goggo ta yi sujada a kan ƙasar nan mai zafi.

Ranar ce malamin asibiti ya kira ni gefe, ya tsugunna don kada ya tsaya a kaina. Ya ce, “Mama, ki ji da kyau. Wannan magani yana da ƙarfi. Yana kashe ciwo, amma wani mutum jikinsa ba ya ɗauka, sai ya fara cin jijiya. In ƙafa ya fara zafi, ko ya yi nauyi, ko fitsari ya ƙi fita, ki gaya mini da sauri. Likita zai tsayar.”

Na ce to. Amma gaskiya, cikin duk maganarsa abin da ya zauna mini a kunne shi ne na ƙarshe. Likita zai tsayar. Ni kuwa na ga mijina kafin allurar nan, na gan shi bayanta.

A tabarmar da ke kusa da tamu akwai wani tsoho Babarbare, mai sayar da kanwa, wanda ya fara samun sauƙi har bakinsa ya buɗe. Da ya ji Goggo tana addu'a da Fulatanci sai ya sa ta gaba, irin wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani.

“Baiwata, in kin gama da ɗanki ki zo ki yi wa ubangidanki fifita.”

“Ubangida a tabarmar gwamnati? Ka tashi tukuna ka iya riƙe buta.”

“Ai ku Fulani ciwo ma ba ya kama ku. Ya duba ya duba, bai ga naman da zai ci ba.”

“Ku kuwa ya samu kitse ya ƙi tafiya.”

Har maigidana sai da ya murmusa. Kwana biyun nan su ne masu daɗi a cikin labarin nan, ba su da na uku.

Bayan allura ta huɗu, da hantsi, ina ba shi kunu sai na ga ya cije leɓe. Na tambaye shi. Ya ce wani abu ya taso masa daga ƙugu, ya bi ta ɗuwawu, ya gangara bayan cinya har ƙaramin yatsan ƙafar hagu, kamar an zura masa waya da aka ciro daga wuta. Ya ce ta dama ma tana yi, amma kaɗan. Mutum ne da ɗinki ya sha huda masa yatsa bai ce uffan ba. Na ga gumi yana tsattsafo masa a goshi.

Ya ce, “Kira malamin nan.”

Na miƙe. Goggo ta riƙe mini zane.

Ta sa hannu ta shafa ƙafarsa tun daga gwiwa har tafi, fuskarta ta washe. Ta ce, “Alhamdulillahi. Ya bar kai, ya bar wuya, ya bar baya. Ga shi nan ya iso ƙafa. Ɗana, ciwonka ne ke neman ƙofa.”

Na ce, “Goggo, malamin ya ce in ƙafa ta yi zafi a gaya masa.”

“In kin gaya masa, sai me?”

“Sai likita ya tsayar da allura.”

“To kin ji.” Ta sassauta murya. “Allura huɗu ta koro shi daga kai zuwa ƙafa. Saura uku su fitar da shi waje. A tsaya yanzu, ina zai tafi? Ya juya ya koma inda ya fito. Ke 'yar nan, jiya da safe wa aka fitar daga rumfar can a naɗe cikin tabarma? An yi masa ta baya? Ba a yi masa ba. Su likitoci sun san magani, ban hana su ba. Amma hanyar ciwo a jikin mutum, mun riga su sani.”

Maigidana ya ce, “Goggo, wannan ba irin zafin da kika sani ba ne.”

“Munyal, ɗana. Haƙuri. Kwana uku ne.”

Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidansa. A gaban Goggo, ya juyo ya dube ni, ya ce, “Ke me kika gani?”

Na sha juya wannan tambaya a raina, shekara da shekaru, ina daka, ina wanki, ina kan sallaya. Da na ce a kira malamin, da an kira shi. Goggo za ta yi fushi, ta huce. Amma na tuna amalanken da muka turo shi a ciki, kansa yana karkace, idonsa ba ya ganina. Na tuna 'yar da ke bayana. Na kuma yarda da maganar Goggo, kada in ɗora mata ita kaɗai. Na yarda da ita har zuciyata.

Na ce, “Malam, ka daure. Saura uku.”

Ya juya fuskarsa wajen zana.

Muka shafa masa man shanu, muka lulluɓe ƙafafun da zanen Goggo. Washegari malamin asibiti ya zo da tirensa kafin likita. Ya yaye zanen, ya ce, “Tela, motsa mini yatsu.” Na dama suka motsa. Na hagu, babban yatsa ne kaɗai ya ɗan yi alama. Malamin ya dubi maigidana, maigidana ya dubi rufin rumfa. Sai malamin ya juyo gare ni.

“Mama, wannan ƙafa yaya? Ya yi kuka da shi?”

Na ce, “Kwanciya ce. A kan ɓarin nan yake kwana, shi ya sa ta yi sanyi.”

“Babu zafi?”

“Babu.”

Ya waiga. Mutum talatin ko fi suna jiransa a rumfar, wani yana amai, wata tana kiran sunan Allah da ƙarfi. Ya mayar da zanen ya wuce. Aka yi ta biyar. Tsohon nan Babarbare duk abin da ya faru a kunnensa ne. Da malamin ya yi nisa ya ce wa Goggo, ba da wasa ba wannan karon, “Baiwar Allah, ni dai da ƙafata ce da na faɗa.” Goggo ta ce masa da ƙafarsa ce da ba wanda ya damu. Daga ranar bai ƙara tsokanarta ba.

Aka yi ta shida. Yinin ranar maigidana ya cusa bakin zane a baki yana cizo don kada a ji shi. Ni na miƙa masa zanen.

Da gari ya waye fitsari ya ƙi fita. Mararsa ta kumbura ta yi tauri kamar ƙwarya. Wannan kam ba zanen da zai rufe shi. Malamin ya ruga ya kira likita. Likita ya zo ya yaye ƙafafun, ya ɗauki ɗan tsinken ƙarfe yana tsikara tun daga cinya yana gangarawa. A cinya maigidana ya ce yana ji. A ƙasan gwiwar hagu ya yi shiru. Likita ya tsikari tafin har jini ya fito, mai ƙafa bai sani ba. Ya ɗaga ƙafar ya saki, ta faɗi kamar ba a jikin mutum take ba.

Likita ya yi tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa. Malamin ya ce, “Yana tambaya, tun yaushe?”

Na ce, “Yau ne.”

Maigidana ya ce, “Kwana uku.”

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiya ba. Malamin bai zage ni ba. Ya dube ni kawai, idonsa ya yi ja, ya ce, “Mama, ai na tambaye ki.” Likita ya cire tabarau ya murza idonsa ya daɗe. Sannan ya yi bayani, malamin yana juyawa. Ya ce jijiyoyin ƙafa daga gadon baya suke fitowa, kamar yadda saiwa ke fita daga gindin bishiya. Maganin ya kashe sanƙarau tun a allura ta uku ko ta huɗu, sauran don tabbatarwa ne. Amma ya taru a ƙasan baya ya ƙone saiwar jijiyoyin. Zafin da maigidana ya ji bayan allura ta huɗu jijiyar ce ke ƙonewa. Da an tsaya a nan, mai yiwuwa da ta farfaɗo. Yanzu wani abu zai dawo, wani ba zai dawo ba, sai an ga abin da Allah ya yi.

Ba a yi ta bakwai ba.

Goggo ba ta karɓi wannan bayani ba, ba ranar ba, ba kuma daga baya ba. Ta ce ga abin da ta guda ya faru. An tsaya saura ɗaya, ciwo ya iso idon sawu ya rasa mai tura shi, ya maƙale a nan. Da muka koma gida ta kawo wanzami ya yi ƙaho a idon sawun don a zuƙo shi. Ta kawo rubutu daga Yola, ta kawo saiwoyi aka dafa ana gasa ƙafar. Maigidana ya bar ta ta yi duk abin da take so. Har ta koma ga Allah, shekara huɗu bayan haka, in an taɓo zancen sai ta ce, “Allura ɗaya suka hana ɗana.” Ban taɓa yi mata musu ba. In na ce ta yi kuskure, wa ya ce “babu” da aka tambaye shi?

Fitsari ya dawo bayan mako biyu. Ƙafar dama ta dawo rabi, tana ɗaukarsa amma ba ƙarfi a idon sawu. Ta hagu daga gwiwa zuwa ƙasa ta tafi ke nan. Tafin yana reto, in zai yi tafiya sai ya ɗaga gwiwa sama kamar mai ƙetare ruwa, in ba haka ba yatsun su ja ƙasa. Wani mai gyaran keke ya yanko masa robar tayar keke, aka ɗaura daga bakin takalmi zuwa ƙwauri don ta riƙe tafin. Abin da ya fi ba ni mamaki, ƙafar da ba ta jin tsinke ba ta daina jin wutar nan ba. Wayar tana nan. Wani lokaci yana cikin cin tuwo sai ya ajiye loma ya rufe ido, mu yi shiru har ta wuce.

Da ruwa ya sauka jirage suka fara isowa, ya ce a kai shi kasuwa. Ban je ba, mace ba ta zuwa, amma da ya dawo na gani a fuskarsa, maƙwabcin rumfarsa kuma ya ba wa matarsa labari, ita ta ba ni. Ya zauna a kan keke, teloli suka taru suna yi masa barka. Ya ɗora ƙafar dama, ya sa hannu ya ɗauko ta hagu ya ajiye kusa da ita. Ya juya wilin keken da hannu, ya taka. Keken ɗinki yana son a danna da yatsu a danna da dunduniya, bi da bi. In aka yi jinkiri sai ya juya da baya ya tsinke zare. Ya taka, keken ya juya da baya, zare ya tsinke. Ya zura wani. Ya tsinke. Sau bakwai ko takwas. Teloli suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, kowa ya tuna yana da aiki.

Washegari aka kawo keken gida a amalanke, aka shigar da shi ɗakina.

Kwana uku yana nan a rufe da buhu. A na huɗu na ɗauko kujera 'yar tsugunno, na ɗora mata matashi, na zauna ta gefen keken na miƙa ƙafata a kan matakin. Na ce, “Malam, nuna mini.” Ya dube ni. Sannan ya ja kujerarsa ya zauna, ya karkatar da ƙafafunsa gefe don su ba ni wuri.

Haka muka koma. Shi hannu da ido, ni ƙafa. Ya ce “taka,” in taka. Ya ce “sassauta,” in sassauta. Ya ce “tsaya,” in tsaya. Da fari na tsinka masa zare ya fi a ƙirga, na karya masa allurai. Daga baya na koyi jin nauyin yadi a tafin ƙafata, har nakan tsaya kafin ya faɗa. Masu kawo ɗinki suna tsayawa a zaure, ya fita da sandarsa ya auna su. Sun san ni ke takawa, duk unguwa ta sani, ba wanda ya taɓa faɗa a gabansa. Mutanen jirgi sun koma wajen wasu, don su sauri suke so. Muka rage da rigunan yara da facin wando da kayan salla. Mun ci, ba mu ƙoshi ba. Na ƙara haihuwa biyu, ina takawa da ciki har wata tara.

A duk shekarun nan bai taɓa ɗaga zancen rumfar asibiti ba. Bai zage ni ba, bai yi mini gori ba, ko a cikin faɗa irin na miji da mata. Na so ya yi. Sau da yawa ina takawa, kafaɗata tana gogar gwiwarsa, in buɗe baki zan ce wani abu, sai ya ce “sassauta,” in mayar da maganata ciki. Wani abu ɗaya ne ya canja. Bai ƙara tambayata abin da na gani ba, a kan komai. Auren 'yarmu ta fari, sayar da rumfa, sa yara makaranta, sai dai in ji an yi.

Kwanci tashi har aka sake yanka jiha, Yola ta zama babban gari, Jimeta ta cika da baƙi da motoci. Wata ranar jajibirin salla aiki ya yi mana yawa. Yana guga da dutsen guga na gawayi, ni ina tsakar gida ina tankaɗe. Sai na ji ƙauri, ba na yadi ba. Na leƙa. Garwashi ya faɗo daga dutsen ya sauka a bayan ƙafarsa ta hagu, ya zauna yana ci, shi kuwa yana ta gugar rigar wani yana ƙoƙarin daidaita wuya. Na kaɗe shi da hannuna. Ya duba ƙasa, ya ce, “Ashe.”

Ƙunar ba ta fi kwabo faɗi ba. Amma naman da jijiyarsa ta mutu ba ya haɗewa kamar na kowa. Wata ɗaya, wata uku, shekara. Ta rufe a sama ta ci a ƙasa. Daga baya ta fara wari, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi har ƙwauri, zazzaɓi ya zo. Ɗanmu na biyu, wanda ya zama magidanci a lokacin, ya kai mu asibiti a mota.

Likitan wannan karon ɗan ƙasa ne, yana jin Hausa. Ya tambayi tun yaushe. Na gaya masa ranar, na gaya masa garwashin, na koma baya na gaya masa allura shida da zanen da muka rufa da abin da na ce wa malamin asibiti. Ya saurara har na gama, ko da yake bai tambaye ni rabin wannan ba. Ya ce ruɓar ta kai ƙashi. In aka yanke daga ƙasan gwiwa zai rayu. In ba a yanke ba, za ta shiga jini.

Maigidana ya ce a ba shi lokaci. Likita ya fita, ɗanmu ya bi shi. Muka rage mu biyu.

Bai tambaye ni ba. Ni na yi magana. Na ce, “Malam, ka bari a yanke. Ai ba ta yi maka komai, ni ce ƙafarka. Don Allah ka bari.”

Ya dube ni ba fushi a fuskarsa. Da taushi ya faɗa, kamar yadda yake cewa in sassauta.

Ya ce, “Uwar yara, sau ɗaya na bi shawararki a kan ƙafar nan.”

Shi ke nan abin da ya taɓa faɗa a kai, tun daga farko har ƙarshe. Ɗanmu ya roƙe shi, limamin unguwa ya zo ya ce masa addini bai hana ba, abokansa teloli suka zo. Ya ce da ita ya zo, da ita zai koma. Ban sani ba ko da na yi shiru da ya yarda. Wannan ma ina juya shi.

Muka dawo da shi gida. Ya yi kwana goma sha tara. Ya rasu ranar wata Asabar da hantsi, ana yayyafi, aka kai shi kafin azahar. Waɗanda suka yi masa wanka sun ce sai da suka naɗe ƙafar da ƙyalle daban kafin su sa likkafani.